Kafin a Buga Fom, Wa Ya Zauna da Mai Cikewa?

Yawancin mutanen Sakkwato ba a Sakatariyar Usman Faruk suke haɗuwa da gwamnati ba. A shagon kwamfuta suke haɗuwa da ita, da rumfar mai POS, da teburin yaron da ke sayar da layin waya. A unguwarmu ta Sabon Gari, a irin waɗannan wurare ake cike fom ɗin jarrabawa, a nemo lambar ɗan ƙasa da ta ɓace, a duba ko fansho ya shigo, a tura takardar neman aiki. Wanda ya tsara shafin intanet ɗin yana can Abuja ko Legas, a zuciyarsa mutum ɗaya ne zaune da wayarsa yana latsawa cikin natsuwa. A nan kuwa mutum uku ne a kan fom guda: mai buƙatar, da ɗansa da ya rako shi don ya karanta masa, da mai shago da ke bugawa cikin gaggawa, saboda akwai layi a bayansu kuma man janareta na ƙonewa.

Ganin wannan da idona, da rubuta shi, da kai shi gaban masu gina hidimar tun kafin su kammala, ita ce sana'ata. Ana kiran mai yin ta mai binciken masu amfani da hidima. Na karanta ilimin zamantakewar al'umma a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na fara da yawon tattara bayanai gida-gida, yanzu kuma ina cikin wata ƙaramar tawaga da ke tsara wa wata hukuma rajistar jama'a. Daga nesa ayyukan biyu sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Mai tattara bayanai yana son sanin mutum nawa suka yi rajista. Ni kuwa so nake in san dalilin da ya sa wadda ta fara ta tsaya a shafi na uku, ta naɗe takardunta a gefen mayafi, ta koma gida ba ta sake dawowa ba.

Abin da ya riƙe ni a aikin nan magana ce da na gaji da ji. Duk lokacin da wani shiri ya fito jama'a suka kasa amfani da shi, abin da ake faɗa a ofis ɗaya ne: mutanenmu ba su waye ba, a ware kuɗin wayar da kai. Sai a sayi lokaci a rediyo, a tara masu unguwanni, a kafa allunan talla. Ban raina wayar da kai ba, tana da muhallinta. Amma uwar adashin da ke riƙe da lissafin zubin mata talatin a kanta, da dattijon da ke tura albasar Goronyo zuwa kudu yana cinikin miliyoyi ta ƙaramar waya mai maɓalli, ba rashin wayewa ne ya hana su cike fom ba. Sau da yawa fom ɗin ne aka yi wa wani mutum da babu irinsa a garin nan.

Inda aka fara ba aikin matsayi

Kamfanoni sun daɗe suna kallon yadda mutane ke amfani da kayansu, amma gwamnatin da ta fi fito da wannan aiki fili a matsayin gurbi na ma'aikatan gwamnati ita ce ta Birtaniya. A 2010 ta sa Martha Lane Fox, wata 'yar kasuwar intanet, ta duba shafukanta, ita kuma ta ba da shawarar a tattara su wuri guda a gina su bisa buƙatar jama'a. A 2011 aka kafa sashen da ake kira GDS, a watan Oktoban 2012 kuma aka buɗe shafin GOV.UK. Ƙa'idarsu ta farko a tsara kowace hidima ita ce a fara da buƙatar mai amfani. A yau suna da mizani mai sharuɗɗa 14 da ake auna hidimomin gwamnati da shi, na farkonsu shi ne a fahimci mutanen da za su yi amfani da hidimar da abin da suke buƙata. Tunda an ɗora wannan sharaɗi, dole a ɗauki masu cika shi, dole kuma a rubuta abin da ake nema daga gare su.

Sun kasa aikin hawa shida, daga mai koyo, zuwa ƙaramin mai bincike, zuwa cikakken mai bincike, sannan babba, da jagora, da shugaban sashe. Hawa na uku nake son mu tsaya a kai, domin a kansa yawancin aikin yake. Ku ɗauki misalin baduku da ya gama zaman koyo: yanzu shi ke auna ƙafar mai saye, ya yanka fata ya ɗinka ba mai tsaye a kansa, amma in aka kawo aikin sirdin sarauta sai ya koma wurin maigidansa su duba tare. Haka mai hawa na uku, wato mai matsakaicin matsayi, yake. Shi kaɗai ne mai bincike a cikin tawagar da ta haɗa masu rubuta manhaja, da mai zayyana shafi, da mai tsara kalmomi, da shugaban aikin. Ba mai miƙo masa jerin tambayoyi. Shi zai tsara binciken, ya nemo mutanen, ya gudanar, ya tace abin da aka samo, ya tsaya a gaban tawaga ya kare shi.

Tambayarsa ta farko ma ba jama'a yake yi wa ba, abokan aikinsa yake yi wa: wace shawara kuke shirin yankewa, me kuma ya kamata mu sani kafin a yanke ta? Binciken da ba a ɗaura shi da wata shawara ba, a durowa yake ƙarewa. Daga amsar ne zai san hanyar da ta dace. In ba a fara gina komai ba, zama da mutane da kallon yadda suke fama a yanzu shi ne daidai. In an yi samfurin gwaji, ko da zane ne a kan takarda, sai a sa shi a gaban mutum a ce ya gwada. In hidima ta fara aiki, alƙaluman na'ura za su nuna shafin da mutane ke gudu daga kansa, sai a bi sawu a gano dalili. Takardar tambayoyi da ake raba wa ɗaruruwa tana da amfani wurin sanin yawa, amma ba ta bayyana dalili, kuma ita manya suka fi nema saboda tana fitar da kashi cikin ɗari. Sanin lokacin da za a ce wa shugaban aiki wannan hanya ba za ta amsa tambayarsa ba yana cikin abin da ya raba hawa na uku da na biyu. Kuma duk wannan cikin sauri ake yi, domin irin waɗannan tawagogi a zangon mako bibbiyu suke aiki. Sakamakon da ya zo bayan wata uku zai tarar an riga an gina abin.

Ba a neman ya iya rubuta manhaja, amma dole ya san yadda na'ura ke aiki gwargwadon da zai hango inda mutum zai yi tuntuɓe. Tun 2021 mai son rubuta jarrabawar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN yake rajista. Zai rubuta NIN, ya bar tazara ɗaya, ya sa lambobinsa 11, ya tura zuwa 55019, a maido masa da lambar da zai ci gaba da ita. A takarda abu ne mai sauƙi. Mai bincike kuwa nan take tambayoyi ke taso masa. Layin na ɗalibin ne ko na yayansa? Akwai kati a layin, ko data ce kawai? Ya san tazarar nan wajibi ce? In amsa ta yi jinkiri, zai jira ko zai sake turawa? Ko yatsa ma abin lura ne. Hukumar ta sha gargaɗin ɗalibai kan ƙunshin lalle saboda yana hana na'ura ɗaukar zanen yatsa, kuma duk wanda ya ga hannun manomi ko majemi a tsakiyar hunturun Sakkwato ya san ba lalle kaɗai ke ɓoye zanen ba.

Su wa za a tambaya

A nan ne aikin ya fi nauyi a wurinmu, a nan kuma aka fi yin ha'inci ba da niyya ba. Mafi sauƙi shi ne a kira ɗaliban jami'a biyar masu manyan wayoyi, su gwada, su ce ya yi, a rubuta an yi bincike. Amma hidimar gwamnati ba kanti ba ce da wanda bai ji daɗi ba zai koma na gaba. Wanda fom ɗin fansho ya gagara ba shi da wata gwamnatin da zai je. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya nemo waɗanda abin zai fi yi wa wuya, ya fara da su.

Sabon Gari ta koya mini wannan tun kafin in san sunan aikin. A layi ɗaya za ka ji Hausa, ka ji Yarbanci, ka ji Ibo, ka ji Zabarmanci da Fulatanci da Turancin kasuwa. Akwai dattijon da ba ya karanta boko amma ajami na gudu a bakinsa, kuma har yau takardun naira 200 da 500 da 1,000 na ɗauke da ajami saboda irinsa. Akwai 'yar kasuwar da ta zo daga kudu, tana jin Hausar ciniki amma Hausar ofis ta fi ƙarfinta. Akwai makafi, da guragu, da kurame masu maganar hannu, waɗanda doka ta hana a nuna musu wariya tun da aka sa wa dokar masu buƙata ta musamman hannu a watan Janairun 2019. Wurin tafinta nakan nemi taimakon malaman da suka saba da su, irin na makarantar A. A. Raji da ke nan cikin gari. Akwai kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah, da yawansu ba su fito da ko takarda ɗaya ba. Fom ɗin da ya ce sai an kawo takardar haihuwa ya rufe musu ƙofa tun daga layin farko.

Shiga unguwa sai da sallama. Ana fara gaida mai unguwa, wani wurin har da liman, a bayyana abin da ya kawo mu. Amma in aka bar masa zaɓen mutane gaba ɗaya, zai kawo waɗanda suka iya magana da baƙi, ko na jikinsa, da kyakkyawar niyya. Sai a gode masa, a roƙi izinin ƙarawa da wasu ta hanyar ungozoma, ko malamar Islamiyya, ko mai shagon cajin waya. Matan da ke cikin gida kuwa, namiji ba zai kai gare su ba, sai dai ya tsaya a zaure maigida ya amsa a madadinsu. Amsar maigida daban, abin da matar ke fama da shi daban. Duk tawagar da ke son jin muryar matan Sakkwato dole ta sa mace a aikin, ta kuma zaɓi lokacin da aka sauke tukunya.

Kusan kowane gida na shiga, tambayar farko ɗaya ce: "Suna kunka zo rubutawa? Mi za a ba mu?" Jama'a sun saba duk mai riƙe da takarda da biro tallafi ya kawo. In ban warware wannan tun farko ba, duk abin da za a faɗa mini zai zama abin da ake zaton zai sa a sa suna a jeri. Nakan ce, "Inna, ba tallafi na kawo ba, kuma maganarki ba za ta ƙara miki ko ta rage miki komai a wurin hukuma ba. Wani abu muke ginawa, muna son ki nuna mana inda bai yi ba." Wasu a nan suke sallamata, kuma haƙƙinsu ne.

Bayan wannan sai kunya da kara. Bahaushe ba ya kushe abin baƙo a gabansa. Ka nuna masa shafin da bai gane komai a ciki ba, zai ce, "Ya yi kyau, Allah ya saka da alheri." Shi ya sa ba na tambayar ko abu ya yi kyau. Nakan ce ba ni na zana shi ba, don kada a ji nauyina, sannan in ba mutum aiki: ga wayar, nuna mini yadda za ka sa sunan matarka. Daga nan sai in kame bakina. Shirun nan shi ne mafi wuyar koyo, domin zuciya na ingiza ka ka nuna masa inda zai taɓa, alhali ranar da zai yi da gaske ba ka nan. Haka kuma ba na tambayar abin da mutum zai yi nan gaba. Abin da ya riga ya yi nake tambaya: karo na ƙarshe da ka je karɓar magani, ba ni labari tun daga fitowarka gida.

Wani dattijo da muka zauna da shi a ƙofar gidansa ya bi samfurinmu lafiya har muka iso gurbin ranar haihuwa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, wagga tambaya ta hi ƙarhina. Inna dai ta ce ana goyona anka kashe Sardauna." Wato wajen Janairun 1966 yana jariri. Dattawanmu da abubuwan da suka faru suke riƙe shekaru: fitowar naira a 1973, rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988, ambaliyar 2010. Na tambaye shi, "Baba, to da kuka buɗe asusun banki me aka sa?" Ya ce yaron da ya cike masa ne ya zaɓa. Ga inda matsala ke tsirowa: wannan mai shago ya sa 1 ga Janairun wata shekara, wancan ya sa wata, ranar da na'ura ta gwada lambar banki ta BVN da NIN sai ta ga mutum biyu. Suna ma haka. Fom na neman sunan dangi, mu kuwa da sunan uba muke amfani, ko na gari, kamar yadda Shagari da Bafarawa da Wamakko da Tambuwal duk sunayen garuruwa ne. Muhammadu a nan, Mohammed a can, Mamman a bakin 'yan uwa. Fom ɗin da bai yi tanadin wannan ba zai riƙa ƙirƙiro kurakurai da kansa, sannan a ce mutane su biya kuɗin gyara.

Amana

Duk abin da aka faɗa mini amana ce, kuma yanzu doka ma ta shigo. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta tsaurara kan bayanan lafiya da na addini da zanen yatsa, ta kuma ce yaro sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. Neman yarda ba dangwala yatsa a ƙasan takardar Turanci ba ne. Sai an faɗa wa mutum da harshensa abin da za a ɗauka, wanda zai ji, tsawon lokacin da za a ajiye, da cewa yana iya tsayawa ko a tsakiyar magana. Mutanen Arewa na da dalilin yin taka-tsantsan da mai bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200, kuma shari'ar da ta biyo baya ta ta'allaƙa ne a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Namu binciken ba na magani ba ne, amma a idon mai gida duk masu takarda ɗaya ne, kuma kowannenmu na iya gyara wa na bayansa hanya ko ya ɓata masa.

A aikace, nakan cire sunaye daga rubutuna tun a ranar, in ɗauki hoton hannu da waya ban da fuska, in kwashe muryoyi daga wayata zuwa ma'ajiyar aiki mai makulli. In darakta ya ce a gaya masa wace ce ta ce ma'aikacinsa ya nemi na goro, amsar ita ce ba za a faɗa ba. Da masu gudun hijira kuma, ba na tono abin da ya same su in ba shi ne batun ba. Ba daidai ba ne a sa mace ta sake ba da labarin daren da aka shigo garinsu don kawai ana son gyara shafin rajista.

Tace abin da aka samo ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai horon kai. Kowane abu da aka gani a rubuta shi a 'yar takarda guda, a manna a bango, a tara masu kama da juna, tare da 'yan tawaga ba ni kaɗai ba. Sharaɗin shi ne a raba abin da ido ya gani da fassarar da zuciya ta yi. "Ta miƙa wa ɗanta wayar da ta ga akwatin lambar sirri" abin da aka gani ne. "Tana tsoron fasaha" zato ne. Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin shafi, amma biyar ɗin na rukuni ɗaya ne. Makaho da ɗalibi da mai shago kowanne rukuninsa daban. Kuma mutum biyar ba sa ba da kashi cikin ɗari. Mai gaskiya zai ce huɗu cikin biyar da muka gwada da su sun tsaya a nan, ba zai ce kashi 80 na Sakkwatawa ba.

Ta irin wannan tacewa muka gano abin da ya sauya tsarinmu. Manhajar na tura lambar tabbatarwa zuwa layin mai rajista. Sai ga shi mata da dattawa da dama layin da suka bayar na ɗa ne ko miji, shi kuwa ya tafi cin rani, wayar na aljihunsa a Legas ko Fatakwal. Kafin a kira shi ya duba ya karanto, lambar ta mutu. Tawaga ta zauna, aka yarda a buɗe gurbin mataimaki a fili, a san cewa wani ne ke cike wa wani, a kuma ba mutum 'yar takarda bugaggiya da zai riƙe a hannu.

Kai magana gaban manya

Bincike bai da amfani sai ya sauya wani abu, sauyin kuma a hannun wasu yake. Nan ne ake gane wanda ya isa hawa na uku. Za ka shiga ofishin mutumin da ya girme ka a shekaru da muƙami, wanda ya riga ya sanar da ranar ƙaddamarwa, ka ce masa abin bai yi ba tukuna. In ka zo da zafi ka rufe ƙofa, in ka zo da tsoro ka ci amanar mutanen da suka ba ka lokacinsu. Abin da na ga yana aiki shi ne a daina gardama a kan ra'ayi, a kawo abin da aka gani. "Ranka ya daɗe, ga bidiyon minti biyu, hannun wata baiwar Allah ne kawai a ciki, a duba inda ta tsaya." Sannan a haɗa shi da abin da ya dame shi: kowane fom da aka cike ba daidai ba mutum ne da zai dawo ya tsaya a layin ofishinsa, ma'aikaci ya bar aiki ya gyara. Mafi ƙarfi duka shi ne a fito da shi ya gani. A GDS sun ɗora wa kowane ɗan tawaga ya kalli bincike na aƙalla awa biyu a duk mako shida. Gani ya kori ji, kuma na ga mai rubuta manhaja da ya yi ta musu ya koma ya gyara shafinsa a daren da ya kalli wata tsohuwa tana neman maɓallin ci gaba.

Muna da misalin tsarin da aka gyara bisa halin jama'a a jiharmu. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina na ministan gona, gwamnatin tarayya ta fara raba takin tallafi ta saƙon waya, manomi ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Tsarin ya rage wa 'yan tsakiya ƙarfi, amma ya dogara da cewa manomi na da waya kuma akwai sabis a wurin rabo. A ƙauyuka da yawa babu ko ɗaya. Wajen 2014 sai aka gwada wata hanya a Jihar Sakkwato da Babban Birnin Tarayya, ta hannun cibiyar IFDC da tallafin Birtaniya: kati mai ɗauke da bayanan manomi, a taɓa shi a jikin na'urar dillalin taki, ta gane shi ko babu sabis, bayanan su tafi daga baya. Ba manomin aka ce ya sauya ba, tsarin ne ya sunkuyo. A ɗaya gefen kuma ga eNaira, wadda aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021. Da farko sai mai babbar waya da asusun banki ke iya shiga, sai a 2022 aka ƙara lambar *997# don masu ƙananan wayoyi, kuma wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna mafi yawan asusun da aka buɗe ba a taɓa su. Tambayar da mai bincike zai fara yi tun kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja ita ce: wace wahala ce mai shago a Sakkwato ke sha da wannan zai ɗauke masa, wadda tura kuɗi ta banki da POS ba su ɗauke ba?

Mai matsakaicin matsayi ya kamata ya san iyakarsa. Ba shi ke tsara manufar bincike ta ma'aikata gaba ɗaya ba. In aiki ya shafi yara, ko marasa lafiya, ko wurin da tsaro ya taɓarɓare, ko hukumomi da yawa masu saɓanin buƙata, sai ya nemi na gaba da shi, wani lokacin har da kwamitin ɗa'ar bincike. A ƙasansa kuma akwai masu koyo da zai riƙa tafiya da su, su riƙe rubutu yau, gobe su yi tambaya yana saurare.

A ma'aikatunmu ɗakin da wannan aiki zai zauna yana nan. Tun garambawul ɗin 1988 aka tanadi sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga a ma'aikatu, a 2004 kuma gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM don sauraron koken jama'a. Sai dai ƙididdiga na ƙirga waɗanda suka shigo, akwatin koke kuma na jin waɗanda suka iya rubutu kuma suka yi ƙarfin hali. Wadda ta juya tun daga bakin ƙofa ba ta cikin ko ɗaya. Ina ganin kowace hukumar jiha da ke hulɗa da jama'a kai tsaye, ta lafiya ce ko ta haraji ko ta fansho, tana buƙatar aƙalla mutum ɗaya da aikinsa shi ne nemo wannan matar.

Matasan da ke sha'awa ba sai sun karanta kwamfuta ba. Masu ilimin zamantakewa, da aikin jarida, da koyarwa, da aikin jinya, duk sun riga sun riƙe rabin sana'ar, wato sauraro. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 na koyar da zayyana manhaja, kuma ƙofa ce mai kyau. Sauran a fili ake koyonsa. Ɗauki wani fom na gwamnati da ake cikewa a unguwarku, ka nemi izinin mutum biyar da ba sa'anninka ba, a ciki a samu mace mai shekaru da wanda ba ya karanta boko. Zauna gefensu su cike, kada ka taimaka sai sun gama ko sun haƙura. Ka rubuta shafi biyu: abin da ka gani, abin da kake zaton ya jawo shi, da gyara uku da za a iya yi cikin mako guda, ba tare da sunan kowa ba. In mai neman aiki ya zo tawagarmu, waɗannan shafuka biyu nake fara karantawa kafin in buɗe takardar digirinsa.